Na sayar da kayan saƙata ta waya kafin mu tashi daga kwatas, ga yadda ta kaya

Salamu alaikum 'yan uwa mata, har da mazan da ke leƙowa. Tun da muka tashi daga Samaru a nan Zariya duk wadda ta haɗu da ni a biki ko wajen gaisuwa tambayarta ɗaya ce, "Anti ina kika kai kayan nan naki?" don duk wanda ya taɓa shiga gidanmu na kwatas ya san ɗakin nan na baya, wanda yara ke ce wa sito ni kuma nake ce masa ofis. Wasu kuma so suke su ji ko sayarwa ta waya tana biyan wahalarta, don su ma suna da irin tarin nan a ƙarƙashin gado. To na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya.

Baban yara ne ya yi ritaya. Shekara 24 muna gidan ma'aikata, ɗaki huɗu ga ɗakunan baya ga fili har da bishiyar mangwaro biyu, sai ga shi za mu koma ɗan gidan da muka lallaɓa muka gina a wajen Hanwa, ɗaki biyu da falo da kicin ɗin da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya iya juyawa. Alhamdulillahi namu ne, ba mai ƙwanƙwasa mana ƙofa ƙarshen shekara, amma kayan shekara 24 kam ba inda za su shiga. Gadaje da kujeru ba su ba ni wahala ba, an rarraba wa yara da 'yan uwa. Ofis ɗin nan ne ya tsaya min a wuya.

Ranar da muka fito da kayan tsakar gida ni da Auta, farkon Nuwamban 2024, na zauna a kan kujera 'yar tsugunno na rasa ta inda zan fara. Bakko bakwai, kwali huɗu, ban da keken ɗinki biyu da injin saƙa. Ni dai Allah ya yi ni da son sana'ar hannu, kuma duk sana'ar da aka yi yayinta a garin nan sai da na tsoma hannu. Kwarashi tun a makarantar kwana na koya, da aka zo yayin jaka da sarƙar duwatsu na shiga, da aka koma sabulun ruwa na shiga, zanen gado mai fulawa na shiga, kuma kowacce sai na sayi kayanta kamar zan buɗe shago sannan in bar ta rabi. Ga ulu wanda ba a ko fasa ledarsa ba, ga guntayen ƙwallon zare sun kai ɗari, ga duwatsu kala-kala a robobin bota da gwangwanayen madara, ga ƙyallayen atamfa da ragowar leshi, zif, maɓallai, roba, gam. A can ƙasan wata bakko na ciro suwaitar jariri ruwan ɗorawa mai hannu ɗaya, tsinken saƙar yana nan soke a jikinta inda na tsaya. Auta ta ce "Mama wannan ta waye?" na ce taki ce. Yarinyar da ke aji uku a jami'a. Muka yi ta dariya har na ji hawaye na neman zubo min, ban san na dariyar ba ne ko na me.

Ita ce ta kawo shawarar a sa a waya. Ni da niyyata in kira dillaliyarmu ta kwashe, ta ce haba Mama, ai yanzu ba a haka, kuɗi ne zube a nan. Kuma ba ƙarya ta yi ba ta wani ɓangaren. Kusan duk kayan nan na saye su ne kafin 2023, to kun san abin da ya faru, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuma aka saki naira, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duwatsu da zif da allurai da mafi yawan ulu mai kyau daga waje ake shigo da su. Da na aiki Auta kasuwar Sabon Gari ta tambayo farashin yanzu sai da na riƙe baki. Abin da na saya da ɗaruruwa ya koma dubbai. Shi ya sa abu na farko da zan ce wa duk mai irin wannan niyya, kada ki sa kuɗi da tunanin yadda kika saya, ki fara aikawa kasuwa a tambayo miki, sai ki yi ƙasa da na kasuwa yadda mai saye za ta ga dalilin zuwa wajenki. Ni kusan kashi biyu cikin uku na farashin kasuwa na riƙa sawa a kan sabon abu. A lissafin naira sai ki ga kamar kin ci riba, amma in kika ce za ki sake sayen abin da kika sayar kuɗin ba zai kai ki ko'ina ba, to kada ki ruɗi kanki.

Wuri huɗu muka gwada. Sitatus na WhatsApp da guruf-guruf ɗin mata da nake ciki, sai kasuwar Facebook, sai Jiji, shafin nan na tallar saye da sayarwa a intanet, sai Instagram ɗin Auta. Na Instagram ba sai na ɓata muku lokaci ba, wurin masu mabiya ne kuma masu kayan da ba ya ƙarewa, ƙawayenta 'yan makaranta suka yi ta danna alamar so ba wadda ta sayi ko allura.

Jiji shi ya fitar min da manyan kaya. Sa talla kyauta ne, in kina so a ɗaga miki ita sama ne za ki biya, ni ban biya ba. Kuma ku gane, su ba sa riƙe kuɗi ba sa kai kaya, haɗa ki kawai suke yi da mai nema, ciniki da biya tsakaninku ne. Injin saƙar nan Brother ne, na hannu na saye shi tun yara na firamare, kuma kamfanin ya daɗe da daina ƙera irinsa don haka masu sana'ar nemansa suke yi ido rufe, ko don allurai da kayan gyara. Kwana huɗu da sawa wani bawan Allah mai saƙa suwaitar 'yan makaranta ya kira daga Kano, ya yi tambayoyin da suka nuna min ya san abin, allura nawa suka karye, soson da ke danne alluran ya mutu ko da sauransa, karusar tana tafiya sumul ko tana cijewa. Na ce malam soson kam ya mutu murus, allura shida sun lanƙwashe, ban ɓoye masa komai ba. Ya ce ba komai. Washegari ya hau mota ya zo da kansa, ya gwada a barandarmu gaban Baban yara, ya biya 85,000 ya ɗauka. Keken ɗinki Butterfly mai ƙafa, na biyun, wata amarya daga Tudun Wada ce ta zo da mijinta suka saya 60,000 bayan an sha ciniki, na riƙe ɗayan. Waɗannan biyun wallahi ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Da dillaliya na ba, da rabin wannan zan gani kuma kaɗan-kaɗan.

Ulun da ba a fasa ba shi ma ya tafi da wuri, amma nan sa'ar lokaci ce ta taimake ni. Disamba ne, hunturu ya sauka, kun dai san sanyin Zariya ba ya wasa, masu saƙa kayan jarirai, hula da safa da shawul, duk neman zare suke. Wata mai saƙa a Gyallesu ta gani a sitatus ɗin ƙanwar maigidana ta kwashe leda goma sha ɗaya gaba ɗaya a 38,000. Abin da ya ja ta shi ne kowace kala daga rini ɗaya take, don masu saƙa sun sani, ko kala ɗaya ce in ba tare aka rina ba sai kin ga bambanci a tsakiyar riga kamar an ja layi. Da a watan Afrilu na sa shi, lokacin da zafi ke gasa mutane, da yana nan har yau.

To daga nan ne labari ya canza. Abubuwa uku ɗin nan cikin sati biyu suka tafi, ni kuma na ɗauka haka sauran za su bi, ashe na gama cin daɗin ne saura ƙashi.

Ƙananan kaya su ne wahala. Ki ɗauki robar duwatsu guda ɗaya da za ki sayar 1,500. Sai kin wanke robar, kin juye a farin faranti, kin fita da shi baranda da safe wajen ƙarfe tara inda akwai haske amma rana ba ta bugawa, don in kika ɗauka cikin ɗaki da ƙwan lantarki kalar ƙarya za ta fito, in kika ɗauka a tsakiyar rana ƙyalli zai cinye hoton. Ki ajiye cokali a gefe don a gane girmansu. Ki rubuta bayani. Sannan ki zauna jiran saƙo. Kuma saƙon zai zo, ba wai ba zai zo ba, matsalar ma yawansa ne. A Facebook akwai wata tambaya da aka riga aka rubuta, mutum dannawa kawai zai yi ta tafi, wai kayan na nan? To mutane na dannawa kamar suna cin gyaɗa. Ki amsa "eh yana nan" shiru. Wata ta ce "nawa las?" alhali ga kuɗin a rubuce. Ki faɗa mata, ta ce "ba ragi Hajiya?" ki rage 200, ta ce a turo wani hoton ta gefe, a turo bidiyo, ki tashi ki bar girki ki ɗauka, ta ce bari ta yi shawara da maigida. Shawarar da har yau ba a gama ba. Akwai ranar da na ƙirga, mutum 19 na yi magana da su tun safe har bayan isha'i, abin da na sayar zif ne na 800.

Sai kuɗin kai kaya, wanda shi ne ya kashe kasuwar gaba ɗaya. Zariya a baki gari ɗaya ne amma a ƙafa garuruwa ne. Daga Samaru zuwa cikin birni sai kin bi ta Kwangila, ki wuce PZ, ki kai Ƙofar Doka, kuma tun da mai ya tashi ɗan acaɓa ba ya jin "don Allah". Mai son kayan 1,500 tana Ƙofar Gayan ko Wusasa, kuɗin kai mata ya kusa kuɗin kayan, ita ba za ta biya ba don da haka gara ta shiga kasuwa, ni in na biya me na yi ke nan? Na wajen gari kuwa sai an kai tasha an ba direba, a biya shi, a karɓi lambarsa a tura wa mai kaya, a yi ta kira "ya iso?" "bai iso ba", kuma kafin nan ke kin biya Keke Napep zuwa tashar da dawowa. Kaduna ce fa da ba ta wuce tafiyar kilomita 80 ba.

Wata baiwar Allah a Kadunan ta sayi guntayen ulu na 4,000, a hoto ta ga ja, da ya isa ta ce ruwan hanta ne. Kuma gaskiyarta, ruwan hanta ne, ni ma da na duba hoton a wayar maƙwabciyata sai na ga ya fito ja zur, wayoyi ba sa nuna kala iri ɗaya kuma ban rubuta sunan kalar a ƙasa ba, laifina ne. Ta turo min muryoyi guda biyar masu zafi. Na ce 'yar uwa yi haƙuri, na mayar mata da kuɗinta na ce ta riƙe zaren, don kuɗin dawo da shi ya fi shi. Tun daga ranar kowane hoto sai na rubuta, ruwan toka, ruwan goro, sararin samaniya, kore shar, ko da abin a fili yake.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne yaron alat. Ya yi magana ta waya da ladabi, Mama kaza Mama kaza, wai yayarsa ce ke koyon jakar duwatsu ta aiko shi. Ya zo da yamma ana gab da magariba, ya zaɓi duwatsu masu kyau irin na gilas da hannayen jaka na 12,000, ya danna wayarsa ya nuna min rasit har da sunana da koren alama, ya ce netwok ne zai shigo. Ni kuma ga alwala na yi, ga kunya, yaro ya durƙusa ya gaishe ni, na ce jeka Allah ya yi albarka. Har yau netwok bai kawo ba. Lambar kuma a kashe. Baban yara bai ce komai ba sai da aka kwana biyu, yana shan shayi ya ce "Hajiya, alat ɗin ya shigo kuwa?" Na yi kamar ban ji ba. Don Allah 'yan uwa, rasit ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ba kuɗi ba ne, ki buɗe manhajar bankinki ki ga balas ya ƙaru da idonki sannan kaya su bar hannunki, in mutum na gaggawa ya je wajen mai POS ya ciro ya kawo.

Bayan wannan ne maigida ya kafa doka, ba baƙon da zai sake shigowa gida. Kuma na ga gaskiyarsa, don lambar waya in ta shiga kasuwa ba masu saye kaɗai ke kira ba, akwai wanda ya kira ƙarfe goma sha ɗaya na dare wai yana son mu gaisa ne kawai. Muka koma yaron gidanmu ke kai kaya bakin titi wajen wani mai shago da muka saba da shi, a can ake haɗuwa, lambar Auta ta biyu muka riƙa sawa.

Sitatus na WhatsApp shi ya fi kwanciyar hankali ta fuskar amana, don masu gani sun san ki kin san su, ba mai kawo miki rasit na bogi. Amma shi ma da nasa ciwon. Awa 24 yake yi ya ɓace sai kin sake sawa, har mutane su fara tsallake ki. Sannan 'yan uwa. Ina sa hoton leshi sai ga saƙo, "Anti ai wannan ni za ki ba, ashe rabo na ne ya tsaya." Wata, "Yaya a ajiye min zuwa ƙarshen wata." Ki ajiye, ki hana mai kuɗi a hannu, ƙarshen wata ya zo ya wuce, ku haɗu a suna ta gaishe ki faran-faran ba ta ko tada maganar ba, ke kuma ba ki iya tambaya don kada a ce saboda naira dubu biyu kin ɓata zumunci. Har yanzu ina bin mutum uku bashi, na yafe a zuciyata amma ban faɗa musu ba.

Abin da ya ɗan cece ni shi ne haɗawa. Wajen tsakiyar Janairu, saura sati biyu mu tashi, na ce na gaji da sayar da roba ɗaya-ɗaya. Na juye duk sauran duwatsun da zaren roba da ƙugiyoyi da 'yar filaya a kwali ɗaya na ɗauki hoto guda na rubuta "duka 22,000, ba a rabawa, mai so ta zo Samaru ta ɗauka." Auta ta tura guruf ɗin 'yan makarantarsu. Kun san garin nan garin ɗalibai ne, ga ABU da sashen zane da saƙa, ga reshenta na Kongo, ga kwalejin Nuhu Bamalli, ga tsohuwar kwalejin ilimi da ta zama jami'a, kuma kusan ko'ina yanzu ana sa su kwas ɗin koyon sana'a. 'Yan mata huɗu suka haɗa kuɗi suka zo suka ɗauka a rana ɗaya, ba ciniki mai tsawo, suka raba a tsakaninsu. Na san da na bi ɗaya-ɗaya a lissafi zai fi haka, amma lissafin takarda ne, da sai na kai wata shida ina amsa "yana nan?" Da tun farko haka na yi da na huta.

Akwai kuma kayan da bai kamata ma a ɗauki hotonsu ba. Robar wando da ta shekara goma in kika ja ta sai ta saki kamar taliya. Gam ya bushe a cikin kwalbarsa. Ƙugiyoyin sarƙa masu ruwan gwal sun yi baƙi. Kwali ɗaya gara ta shiga ta ƙasa ta cinye littattafan samfurin saƙa da na fi so, ulun roba dai ba ta taɓa shi ba sai warin ajiya, wanda shanya a inuwa kwana biyu ta fitar. Sodar sabulu kuwa ta sha iska ta dunƙule, kuma ko lafiyarta ƙalau ba abin da zan ba direba ba ne a leda, tana ƙona fata, in ta fashe a cikin kayan mutane wa zai ɗauki alhaki?

Na zauna na yi lissafi a bayan wani tsohon kalanda, ga shi yadda yake. Abin da ya shigo gaba ɗaya 214,500. A ciki 183,000 daga abu uku ne kacal, inji da keke da ulun da ba a fasa ba, kuma su ba su ci min komai ba sai hoto da ɗan kira, duka masu sayen su suka zo da ƙafarsu. Kwalin ɗalibai 22,000. Duk sauran ƙananan da na sayar ɗaya-ɗaya cikin wata biyu, bayan an cire na matar Kaduna, 9,500 ne. A ɗaya gefen kuma data ta ci wajen 9,000, acaɓa da Keke Napep da direbobi wajen 14,000, leda da salatif 3,000, ban sa kayan yaron alat ba, ban sa naira 50 da banki ke cira a lokacin in kuɗin da aka turo ya kai dubu 10 ba don wannan ba ta taka kara ta karya ba. Wato a kan ƙananan kayan nan biya na yi don in wahala. Ga tuwo da na ƙona sau biyu ina amsa saƙo.

Ana saura kwana biyar mu tashi na kira dillaliyar da na so kira tun farko. Tsohuwa ce daga cikin birni, tun zamanin da nake haɗa kayan ɗakin babbar 'yata muke tare. Ta zauna ta baje ƙyallayen atamfa da leshin a tabarma tana ɗagawa ɗaya-ɗaya tana cewa wannan gidan wance za a so shi akwai mai ɗinka kayan yara, wannan masu haɗa zanen gado na ƙyalle, wannan zaren kuma masu aikin hula a unguwarsu. Ba hoto ba data, duk kasuwar a kanta take, ta san wa ke da biki wa ya haihu wa ke koyon keke. Ta ce "Hajiya da kin kira ni tun farko ai da ban bar ki kin sha wannan wahalar ba." Na ce Inna da na kira ki tun farko nawa za ki ba ni a injin? Ta yi dariya ta rufe baki da mayafi ba ta amsa ba. Ta tafi da bakko biyu, ta cire la'adarta, ta kawo min kuɗin sau uku, ba yawa amma ban ɗaga ko yatsa ba.

Guntayen zare da tsinkayen saƙa da kwarashi kusan ashirin kuwa Islamiyyar matan aure ta unguwar na kai, suna da ajin sana'a ranar Asabar, malamar ta ce abin da ke hana su koyar da saƙa ke nan, mata ba sa iya sayen kayan koyo. Guntun zaren da ba mai ba ni naira ɗari a kansa ya ishi mai koyo ta yi safar jariri.

To in maki ake so, a kan inji da keke da duk wani abu mai tsada ko sabo a ledarsa, sayarwa ta waya tara cikin goma zan ba ta, na cire ɗaya saboda masu kiran dare. A kan haɗa kaya kwali guda a sayar wa mai zuwa ta ɗauka, bakwai. A kan ƙananan kaya ɗaya-ɗaya ga mai shirin tashi da kwanaki a ƙirge, biyu, kuma biyun ma don na haɗu da wata mai kirki ce a Palladan da har yanzu muke gaisawa. Wadda ke zaune ba inda za ta, tana da yarinya mai jure amsa saƙo, ko kuma dama sana'arta ke nan, ita lissafinta daban ne, tana iya bi a hankali. Ni ma'aunin da na tsayar daga baya shi ne in kuɗin abu bai ninka kuɗin acaɓan kai shi sau biyar ba, ba na sa shi shi kaɗai.

Yanzu a Hanwa keke ɗaya ne a lungun falo an rufe shi da zani, sai bakko guda a saman wardrop da na ce wa Baban yara kayan sanyi ne. Suwaitar Auta mai hannu ɗaya tana ciki, na samu ragowar zarenta a cikin guntayen kafin in kai Islamiyya, na cire na ɓoye, yayarta na da ciki wata bakwai. Tallar zif ɗin nan kuma ashe mun manta ba mu sauke ta ba, shekaranjiya Auta ta kira ni daga makaranta tana dariya, wai wata ta turo saƙo tana tambaya ko yana nan, kuma nawa las.